Giyar kekenka ba ta mutu ba, a daina yi mata wanka da baƙin mai

Yau ba maganar waya na zo da ita ba, ku yi min haƙuri. Maganar keke ce, kuma abin ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Tunda aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, mutane da yawa a cikinmu sun koma hawa keke, har da waɗanda a da suke ganin keke na yara ne da tsofaffi. Ni ma ina ciki. Na sayi ɗan Beljiyam mai giya 21, faranti 3 a gaba 7 a baya, da shi nake zuwa shago kullum. (Giyar keke nake nufi fa, kada wani ya ɗauko wata fassarar.)

To da hunturu ya shigo, ranar nan da sassafe na fito, na danna madannin giya da babban yatsa, sai na ji ya tafi fayau, babu ƙas ɗin nan da aka saba ji, sarƙa ko motsi ba ta yi ba. Haka na tuƙa shi a giya mai nauyi har na isa, ina haki. Abin mamaki, da azahar da rana ta buɗe na sake gwadawa, sai ga shi yana aiki kamar ba shi ba. Washegari da asuba ya sake ƙi. Na kai wa wani mai gyaran keke, ba zan faɗi wurin ba, ya danna sau biyu ya ce, “Oga, wannan ai ta mutu. Ko dai a sayo sabo, ko in cire maka tarkacen nan gaba ɗaya in rage sarƙa, ka huta.” Kafin in buɗe baki har ya ɗauko gorar nan tasu ta baƙin mai zai tsiyaya a ciki. Na riƙe hannunsa na ce, “Malam, dakata.”

Abin da ya sa na tsayar da shi, na san wannan maganar, don a sana'armu ma ana yin ta. Mutum zai kawo waya ba ta caji, wani ko dubawa ba zai yi ba zai ce ai sai an canza wajen cajin, wani ma ya ce fanel ne ya ƙone. Alhali in ka haska fitila ka sa ɗan tsinke, ƙura ce da zaren aljihu suka dunƙule a ciki. Minti biyar an gama. Na'urar da take aiki da rana ta ƙi aiki da asuba ba karyewa ta yi ba. Karyayyen ƙarfe ba ya warkewa don rana ta fito.

Da dare na kwance murfin madannin a shago, a ƙarƙashin fitilar da muke duba waya, na ga abin da ke ciki. Bari in kwatanta muku, don duk rigimar a nan take. Irin madannin nan na Shimano mai harshe biyu, ɗaya na babban yatsa ɗaya na manuniya, a cikinsa akwai wata 'yar ƙafa mai haƙora wadda wayar giya take naɗewa a jikinta. Akwai kuma wasu 'yan ƙugiyoyi ƙanana, ba su wuce ƙwayar shinkafa biyu ba. In ka tura da babban yatsa, ƙugiya ɗaya ta kama haƙori ta juya ƙafar, ta ja waya. Wata ƙugiyar ta riƙe kada ta koma. In ka ja da manuniya, sai a saki haƙori ɗaya. Ƙas ɗin da kake ji, ƙugiyar ce take faɗawa cikin haƙori. Abin da ke tura ƙugiyoyin nan kuwa wani ɗan sifirin ne siriri, kamar gashi. Ba shi da wani ƙarfi, ba a kuma yi shi don ya yi kokawa da komai ba.

A kamfani suna shafa wa wurin giris. Kekunan da ake kawo mana na hannu ne, wani ya shekara goma, wani ashirin, yana ajiye a garejin wani Bature. Giris ɗin nan ya bushe, ruwan man da ke cikinsa ya tafi, ya bar wani abu mai danƙo kamar tsohon cingam. Da zafi yana ɗan saki, sifirin ya samu ya tura ƙugiya. Da sanyi kuwa sai ya daskare, kamar yadda man shanu ko man kaɗanya ke yi a kwalba da hunturu. Ƙugiya ta maƙale a buɗe, ba ta taɓa haƙori, yatsanka ya tafi a banza. Ba sai an yi ƙanƙara irin ta Turai ba. Sanyin asubar Disamba da Janairu a Kano, da yake sauka ƙasa da digiri 15, ya isa. Mutanen Jos kuwa ba sai na faɗa muku ba. Sannan mu muna da abin da Turawan ba su da shi: ƙurar hunturu, mai laushi kamar hoda, wadda iska ke kwasowa tun daga ƙasar Chadi, tana shiga duk inda iska za ta shiga. Ta haɗu da tsohon giris, shi ke nan an samu kwaɓin siminti.

Yanzu don Allah ku faɗa min, wurin da matsalarsa ita ce danƙo da datti, me baƙin mai zai yi masa? Baƙin mai fa man inji ne da ya gama aikinsa aka juye shi. Abin da ya mayar da shi baƙi, toka ce ta ƙonewa da garin ƙarfen da inji ya ci. Yana da kauri, da sanyi kuma kaurin ƙaruwa yake. Ka zuba shi a kan ɗan sifirin mai kaurin gashi, ka kuma fita da shi cikin ƙura. Ranar farko za ka ji daɗi, ban musa ba, don ya ɗan jiƙa tsohon giris ɗin. Bayan sati biyu abin da ke ciki ya zama baƙin kunu mai yashi, kullum ka danna yana goge haƙoran. A nan ne madannin zai mutu mutuwar gaske, sai a ce ai dama an faɗa maka. Ga shi yana tsiyayowa ya ɓata maka hannun riga, in ya sauka a kan birki kuma wannan wata masifar ce daban. Kuma ba abin da za ka riƙa dama hannu a ciki kullum ba ne, yana da illa ga fata.

Masu zuba man gyaɗa, ku ma ina gaishe ku. Man girki in ya sha iska yana yin danƙo, ku duba bayan kaskon mai ƙosai ku gani. Abin da kuke ɗura wa giyarku ke nan.

Sai ɓangare na biyu, 'yan gayu, masu cewa ai WD-40 maganin komai ne, fesa ka wuce. Ina amfani da shi, ba gaba nake da shi ba, kuma a wannan aikin yana da rana sosai: yana narkar da busasshen giris ya wanko shi. Amma yawancin abin da ke cikin gwangwanin mai narkarwa ne da ke bin iska, man da yake bari kaɗan ne ƙwarai. Asalinsa ma don korar ruwa da hana tsatsa aka yi shi a Amurka a 1953. Wanki ne, ba shafa mai ba. Wanda ya fesa ya tafi, kamar wanda ya yi wanka da sabulu ne da hunturu ya fita bai shafa komai ba. Kowa ya san yadda ƙafarsa za ta koma.

Amma wanda ya fi ba ni haushi shi ne na ukun, mai cewa a cire giyar gaba ɗaya. Ka duba kekunan da ke yawo a gari, da yawa za ka ga farantai bakwai a baya amma sarƙa a ɗaure a kan guda ɗaya, wayoyi an yanke, madanni an jefar. Mutum ya biya kuɗin keke mai giya, an mayar masa da shi marar giya, ya kuma biya ladan aikin. Dalibi ne, ko mai kai kaya, ko magidanci da ke ɗauko buhu a baya, duk hawa sai ya sauka ya tura, alhali maganin hawan yana jikin keken aka cire aka yar, saboda dattin da bai cika cokalin shayi ba. Hujjarsu wai giya ba ta dace da ƙasarmu ba, ƙura ta yi yawa. To waya ma ai ƙura tana shiga cikinta, ban ga wanda ya ce a koma aika wasiƙa ba.

Zan yi adalci a nan. Ba duka masu gyaran keke ne macuta ba, yawancinsu ma ba cuta suke nufi ba. Sun koyi aiki a kan Raleigh da Phoenix da Hero, kekuna na ƙarfe zalla, marasa giya, birkinsu ma na sanda ne. Waɗannan ko me ka zuba musu za su tafi, kuma a kansu mutanen nan gwanaye ne, ni ban isa in ɗaure sifoka kamar su ba. Amma madannin giya ba wannan ba ne, ya fi kusa da agogo. Laifin da nake gani shi ne mutum ya ƙi cewa “ban san cikinsa ba”, ya gwammace ya yanke hukuncin kisa. Mu ma masu gyaran waya wannan girman kan yana damun mu, na sani.

To ga yadda za ka yi da kanka. Da farko gano inda ciwon yake, don ba kullum madanni ne mai laifi ba. In ka danna ka ji fayau babu ƙas, ƙugiya ce ta maƙale, aikin na cikin madanni ne. In kuwa kana jin ƙas lafiya lau amma sarƙa tana jinkiri, musamman wajen saukowa daga babban faranti zuwa ƙarami a baya, to waya ce take cijewa a cikin rigarta. Dalili kuwa, wajen hawa babban faranti yatsanka ne ke jan waya da ƙarfi, amma wajen saukowa sifirin ɗin giyar baya ne kaɗai ke janyo ta, wato ƙarfen nan mai gwiwa da ke rataye a gefen tayar baya yana tura sarƙa. In waya ta yi tsatsa ko ta sha ƙura, sifirin ɗin ba zai iya ba. Kana so ka tabbatar? Ɗaga tayar baya, wani ya juya maka feda, kai kuma ka kama wayar a inda take tsirara a jikin firam ka ja ta da hannu. In sarƙa ta hau ta kuma dawo da ka saki, giyar baya lafiyarta ƙalau, matsalar tana can gaba.

Kayan aikin ba su da yawa: ƙaramin sukundireba mai kan kuros, tsumma, tsohon burushin haƙori, tsinken sakace, kananzir a sirinji ko gwangwanin WD-40, da man keken ɗinki, farin nan siriri da teloli ke amfani da shi. Ka yi aikin da rana, ka fara ajiye keken a hantsi ya ɗumama, rabin aikin rana za ta yi maka. Abokan sana'ata, kada wanda ya ɗauko bulowar da muke ɗaga aisi da ita. Zafinta ya wuce digiri 300, jikin madannin kuwa roba ne.

Kafin ka fesa komai, rufe birki. Ka sa leda ko tsumma a kan tayar gaba da robar birki, in mai faranti ne ka rufe farantin da kyau. Mai ko ɗigo ɗaya ya taɓa wurin, birki ya tashi daga aiki, kuma ba za ka sani ba sai ka zo tsayawa a gaban Adaidaita.

Kwance 'yan sukurorin murfin, yawanci biyu ne ko uku, ka zuba su a murfin kwalba don in suka faɗi a ƙasa sai dai haƙuri. Da ka buɗe, ɗauki hoto da wayarka tukuna. Akwai noti guda a tsakiya da ya riƙe komai. Kada ka taɓa shi. Na maimaita, kada ka taɓa shi. In ka kwance shi sifirin-sifirin za su yi tsalle su watse, mayar da su kuma sai wanda ya sani. Duk wankin ana yin sa ba tare da an wargaza cikin ba. In naka irin wanda murfinsa ba ya fita da sauƙi ne, akwai wata 'yar toshiya ta roba a inda ake zura waya, cire ta ka fesa ta ramin.

Sai ka tsiyaya kananzir ko ka fesa a kan ƙugiyoyin, ka riƙa danna harsunan biyu, gaba da baya, ba sau uku ba, sau talatin, sau hamsin. Za ka ga wani ruwa mai launin ƙasa yana zubowa. Nemo ƙugiyar da ta maƙale ka taɓa ta da tsinke a hankali, tura ta ka saki. Da farko za ta tsaya inda ka tura ta. Ci gaba da jiƙawa kana motsa ta, har ka ga tana komawa da kanta da sauri. Nawa sai da na kai kusan minti ashirin kafin na ji ƙas na farko, wallahi kamar an yi min albishir. Kankare dunƙulen tsohon giris da tsinke da burushi, goge, ka bar shi ya sha iska ya bushe.

Kada ka sa fetur, kada ka sa tina. Na san a shagon waya tina tana kusa da hannu, amma tana cin roba, za ta kuma dusashe 'yar tagar nan da ke nuna lambar giya. Fetur kuma ga cin roba ga haɗarin wuta.

Da ya bushe sai mai. Ɗigo ɗaya a gindin kowace ƙugiya, ɗigo ɗaya ko biyu a kan haƙoran da wurin da harsunan ke juyawa. Shi ke nan. Danna ya zagaya, ka goge duk wanda ya fito waje, don man da ke waje abincin ƙura ne. A nan hannun mutanenmu yake ƙaiƙayi, gani suke in abu bai yi sharkaf ba bai ji mai ba. In kana da farin giris mai laushi kana iya shafa ɗan kaɗan a kan haƙoran da kan tsinke, amma kada ya je kusa da ƙugiyoyin, in ba haka ba baɗi war haka kana nan kana wannan aikin.

Waya kuma akwai dabarar da ba sai ka kwance ta ba. Juya feda ka kai sarƙa kan babban faranti na baya. Tsayar da feda, kada ka sake juyawa, sai ka danna harshen sakin har ƙarshe. Sarƙa tana nan a sama, waya ta yi sako-sako. Yawancin firam mazaunin rigar waya yana da tsaga, sai ka zare rigar ta tsagar, ka zame ta gefe, ka goge wayar da tsumma mai ɗan kananzir, ka bi da ɗigon man keken ɗinki, ka mayar. Ka fi ba da ƙarfi a ɗan lanƙwasan ƙarshe na kusa da tayar baya, nan ne ya fi shan ƙura. Ka ɗiga mai kuma a gaɓoɓin giyar baya. In ka ga silin wayar ya fara tsinkewa, ko ta yi jan tsatsa, ko rigar ta fashe, canza su, wannan kam ba a wanke shi, kuma kuɗinsa bai kai rabin na madanni ba. Sai dai ka lura wajen saye: wayar giya siririya ce, wajen milimita 1.2, ta birki ta fi ta kauri, rigunansu ma ba iri ɗaya ba ne. In aka sa maka rigar birki a giya, lambobin ba za su riƙa faɗawa daidai ba. In aka sa rigar giya a birki kuwa, tana iya fashewa ranar da ka matse da ƙarfi.

Waɗannan sukurori biyu na jikin giyar baya, masu alamar H da L, ku ƙyale su. Iyaka suke tsarewa kada sarƙa ta faɗa cikin sifoka ko ta fita waje, ba ruwansu da sanyi. Duk wanda giyarsa ta cije sai ya kai musu sukundireba, ya tashi da matsala biyu.

Masu madannin murɗawa, irin wanda ake juyawa kamar totur ɗin babur, naku daban ne. Cikinsa kusan duk roba ne da ɗan sifirin guda na ƙarfe wanda in ya faɗo ba a ganin sa. Kada ku yi masa ambaliyar kananzir. A goge da tsumma da ɗan ruwan sabulu, a bushe, a shafa giris ɗin silikon wanda ba ya cin roba. Sau da yawa ma a irin wannan waya ce mai laifi, ku fara ta can.

Akwai lokacin da mai gyara yake da gaskiya, ban ɓoye ba. In ka buɗe ka ga haƙori ya gutsure, ko sifirin ya karye, ko kan wayar ya tarwatse ya cusa sili cikin haƙoran har ya ci su, to sai canji. Kuma yawanci mu ne muke jawo hakan: abu ya cije da asuba, sai mutum ya sa ƙarfin tuwo ya danna har wani abu ya ce ɓas. In ya ƙi, ƙyale shi, tuƙa a haka, ka duba da rana. Kada ka canza giya keke yana tsaye, kada ka canza kana tsaye a kan feda a tsakiyar hawa. Da dare ka shigar da keken ɗaki ko zaure, in babu wuri ko buhu ne ka rufa wa kan. Amma ko canjin ne ya kama, a buɗe a nuna maka abin da ya karye da idonka, kamar yadda kai ma kake da haƙƙin ka ce in nuna maka abin da na cire a wayarka.

Nawa dai tun wankin nan ban sake buɗe shi ba, ya ƙarasa wancan hunturun ya shiga wani, duk bakwai ɗin suna faɗawa ko da asuba. Na koma wurin mutumin nan da keken, ba don gori ba, dama ina son ya daidaita min tayar baya da ta ɗan karkace. Ya danna, ya sake dannawa, ya ce, “Oga, sabo ka saya?” Na ce a'a, kananzir ne da man keken ɗinki. Sai ya jawo wata tsohuwar roba daga ƙarƙashin bencinsa, cike da madannan da ya ciccire daga kekunan mutane, ya ce in zo ranar Juma'a bayan an sauko mu buɗe su tare. Mun buɗe tara, bakwai sun tashi.